Wasan Birij: Me Za Ka Yi Idan An Katse Maka Hanzari?

A gasar wasannin ƙasashen Asiya da aka yi a Indunisiya a 2018, akwai 'yan wasan da suka ci lambar zinare ba tare da sun yi gudu ko tsalle ba. A zaune suka yi nasara, a wasan karta da ake kira birij. Ba caca ake yi a irin wannan gasa ba. Katin da aka raba a teburi ɗaya shi ake sake bugawa a sauran tebura, sannan a kwatanta wanda ya fi iya sarrafa shi.

Mutum huɗu ke wasan, biyu-biyu: Arewa da Kudu abokan juna ne, haka ma Gabas da Yamma. Ana raba kati 52, kowa ya sami 13. Kafin a fara jefa kati sai an yi tayi kamar a wurin gwanjo, kowane tayi kuma dole ya ɗara na baya. Mai tayi yakan ambaci lamba daga 1 zuwa 7, a ƙara shida a kai, shi ne adadin zagayen da ya yi alkawarin ci. Yakan kuma ambaci gidan da zai yi mulki: ♣, ♦, ♥, ♠, ko NT, wato babu gidan da zai mulki wani. Haramun ne ka yi wa abokinka ƙifce ko tari. Kalmomi 38 kacal aka yarda ku yi magana da su.

Inda matsalar take

Ana auna ƙarfin hannu da maki: A huɗu, K uku, Q biyu, J ɗaya. A Amurka, wanda ya buɗe da 1NT yana nufin yana da maki 15 zuwa 17. Idan jimillar makinku ta kai kamar 25, za ku iya neman 3NT, wanda ke kawo garaɓasar maki 300 ko 500.

To, a ce Kudu ya buɗe da 1NT, kai ne Arewa. Kafin ka buɗe baki sai Yamma ya tsoma nasa: 2♥. Yanzu ba ka da ikon cewa 2♦, don an riga an wuce nan. Kana da ♦ guda shida, sai dai ka ce 3♦. Amma me Kudu zai fahimta? Wataƙila makinka huɗu ne, so kake a tsaya nan. Wataƙila 11 ne, so kake a ci gaba. Idan ya yi shiru alhali kana da ƙarfi, garaɓasa ta tafi. Idan ya ci gaba alhali hannunka ba komai, kun faɗa rami.

Maganin da ake kira Lebensohl

A 1970 George Boehm ya bayyana wata dabara a mujallar The Bridge World ta Amurka. An jingina ta ga wani ɗan wasa mai suna Ken Lebensold, shi kuwa ya ce ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Duk da haka sunan ya bi ta, har da kuskuren rubutu.

Ga yadda take. Bayan katsalandan, 2NT ɗinka ba ya nufin kana son a buga 2NT. Umarni ne ga abokinka: ya ce 3♣, ko mene ne a hannunsa. An zaɓi 3♣ ne domin shi ne tayi mafi ƙanƙanta bayan 2NT, don haka ya bar maka fili. Yanzu hanya ta zama biyu:

Mai rauni ya bi doguwar hanya. Ya ce 2NT, abokinsa ya ce 3♣, shi kuma ya ce 3♦. Ma'ana: tsaya nan.

Mai ƙarfi ya bi gajeriyar hanya. Ya ce 3♦ kai tsaye. Ma'ana: kada ka yi shiru.

Haka ma 3NT. A tsarin da ya fi yaɗuwa, wanda ya biyo ta 2NT yana cewa yana da babban katin da zai tare ♥ na abokan hamayya. Wanda ya faɗe shi kai tsaye yana cewa ba shi da shi.

Ba a samu a banza

Kun sayar da ma'anar 2NT ta asali, ba za ku ƙara amfani da ita a wannan gurbi ba. Idan kuma ɗayanku ya manta ya yi shiru a kan 2NT, zai buga wasan da babu wanda ya so. Shi ya sa abokan wasa ke zama su daddale komai tun kafin gasa. Tun ran gini ran zane. Doka ma ta tilasta musu su bayyana wa abokan hamayya ma'anar kowane tayi idan an tambaye su.

Gwada kanka

Kudu ya ce 1NT, Yamma ya ce 2♠. Makinka uku ne, kana da ♣ guda bakwai. Me za ka ce, kuma me za ka yi bayan Kudu ya amsa?

Amsa: ka ce 2NT. Da zarar ya ce 3♣, ka yi shiru. Kun iso inda kake so.