Aikatau na Ɗaukar Abu a Ingilishi da Takwarorinsu a Hausar Damagaram

Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa masu tsara littattafan yaƙi da jahilci sabon nauyi, domin akwai takardun noma da na kiwon lafiya masu yawa da aka rubuta da Ingilishi, alhali mafi yawan masu fassara a ƙasar da Faransanci suka yi karatu. Manufar wannan maƙala ita ce duba aikatau huɗu na Ingilishi, wato "take on", "undertake", "assume" da "adopt", waɗanda dukansu suke nuna mutum ya mai da wani abu nasa ko ya ɗora wa kansa shi. Abin da ake son nunawa shi ne, babu ɗayansu da kalmar Hausa guda za ta wadatar, kuma ratsawa ta Faransanci tazara take ƙarawa.

Misalan Hausa irin waɗanda ake ji ne a Zango, unguwar fatake da ke wajen ganuwar Birni a Damagaram, inda ayarin Agadas da na Tarabulus suke sauka a ƙarni na 19. Wurin da aka daɗe ana ciniki ba ya wasa da bambancin kalmomin alhaki. Ɗan dako ya ɗauki kaya, mai masauki ya karɓi amana, dillali ya tsaya wa baƙo. Idan kaya suka ɓata, abin da ke kan kowannensu dabam ne.

"Take on" da "undertake" ba su da wahala ƙwarai. Aikatau ɗauka yana biye da su a mafi yawan wurare, sunan da ya zo bayansa shi ke fayyace ma'ana: ya ɗauki yaro aiki, ya ɗauki alkawari, ya ɗauki nauyin iyali. Inda "take on" ke nufin fuskantar abokin hamayya ne kawai ɗauka ya gaza, sai a ce ya kara da shi. Sai dai a kula da rukunin aikatau kamar yadda Parsons ya tsara su a 1960. Wasali ɗaya a ƙarshe yana iya juya magana: wanda ya ɗauki nauyi ya ɗora wa kansa, wanda aka ɗauke wa nauyi kuwa ya huta. Sabon mai karatu da ke haɗa baƙi da wasali a hankali, kuskuren maɗaba'a a wannan gurbi ya isa ya ba shi akasin saƙon.

"Assume" yana da fuska biyu. Yakan nufi hawa muƙami ko ɗaukar alhaki, yakan kuma nufi zato ba tare da tabbatarwa ba. Faransanci yana da "assumer", mai kama da shi a rubuce, amma a daidaitaccen Faransanci fuskar farko kawai yake ɗauke da ita. Zato kuwa "supposer" ne. Mai fassara da idonsa ya saba da Faransanci yana iya karanta umurnin da ke cewa kada malamin asibiti ya yi zaton uwa ta gane yadda ake ba da magani, ya mai da shi kada malamin ya ɗauki alhaki. Abin sha'awa a nan shi ne Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi. Bahaushe yakan ce na ɗauki alhakin abin, yakan kuma ce na ɗauka ka tafi Maraɗi. Idan suna ya biyo baya, alhaki ne. Idan jimla ce ta biyo, zato ne. Wanda ya fassara kai tsaye daga Ingilishi zuwa Hausa ba zai faɗa wannan rami ba.

Babbar matsala tana ga "adopt", kuma a nan Faransanci da Ingilishi bakinsu ɗaya. Idan majalisa ce da doka, amincewa ake nufi: majalisa ta amince da doka. Cewa ta ɗauki doka ba ya gaya wa mai karatu kome, cewa kuma ta ɗauki nauyin wani shiri yana sa shi ya ɗauka ita za ta biya kuɗin duka.

Idan yaro ne, abin ya wuce nahawu. A dokokin Turai, cikakken "adopt" yana yanke nasabar yaro daga iyayensa na jini, ya ba shi sunan sabon gida da gadonsa. Musulunci ya hana haka, al'adar Hausa ma ba ta san shi ba. Abin da ta sani shi ne riƙo: a ba gwaggo ko kaka yaro ta rene shi, har ta yi masa aure, amma ɗan ubansa ne, gadon ubansa yake ci. Saboda haka ɗan riƙo ba fassarar kalmar Turanci ba ce, sunan wani tsari ne dabam. A takardar da ta shafi shari'a, gwamma a yi bayani da jimla guda ko da ta yi tsawo.

Wurin da kuskure ya fi ɓoyuwa shi ne aikin gona. Takardun ƙwararru suna yawan maganar manoman da suka yi "adopt" ɗin sabon irin hatsi, ma'ana sun gwada, sun gamsu, sun ci gaba da shukawa. Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce karɓa. Amma karɓa, ko amsa kamar yadda ake faɗa a yammacin ƙasar Hausa, aikin hannu ne na lokaci guda. Manomin da aka tambaya ko ya karɓi sabon iri zai ce i da gaskiyarsa, ko da irin yana nan cikin rumbu, ko ya ba maƙwabci, ko an daka shi an yi fura. Mai ƙidaya ya rubuta shi cikin waɗanda suka bi sabuwar hanya, lissafin kuma ya hau kan tambayar da ba ita aka so yi ba. Runguma, wadda ƴan jarida suke so, ta fi dacewa da aƙida ko addini, ta yi wa irin gero nauyi. Hausa tana da aikatau koma, wanda ke nuna barin hali zuwa wani, tana kuma da ɗore. Tambayar sai a raba ta biyu: an ba ka sabon iri? Sa'an nan: shi ka koma shukawa, kuma damina nawa ke nan?