Miri Tana Ginuwa: Ina Ƙofar Masu Nakasa?

Duk wanda ya bi hanyar Jos daga cikin garin Bauchi, ya wuce Wuntin Dada ya doshi Miri, zai ga yadda gari ke cin gona. Inda dā ake shuka dawa da masara, yau filaye ne yankakku da tarin bulo, ga gidajen mai, ga makarantun kuɗi, ga sababbin masallatai da shagunan magani. Mafi yawansu an ɗaga musu harsashi saboda ruwan damina, an yi musu matakala uku ko huɗu. Magini bai yi haka da mugunta ba, mai ginin ma bai ƙulla kowa a zuci ba. Amma ga wanda ke kan keken guragu, matakala uku da katanga duk ɗaya ne. Irin wannan wariya ita ta fi yawa a ƙasar Hausa: wadda mai yin ta bai san yana yi ba, kuma in an gaya masa sai ya ji an zalunce shi.

A shekarun nan an sami sauyi babba. Makafi da guragu da kurame da zabiya sun daina jiran a yi magana a madadinsu. Sun kafa ƙungiyoyi, suna shiga rediyo, suna zuwa majalisa, suna cewa haƙƙinsu suke nema. Wannan sauyi ya cancanci a duba daga ina ya taso, me ya haifar, kuma ina ya tsaya.

Sai an fara da tsohon tsari, domin ba a banza ya daɗe ba. Bahaushe bai saba jefar da mai nakasa a daji ba. A manyan garuruwa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowanne da jama'arsa, yana sasanta su, yana kai kukansu fada. Akwai zakka, akwai sadakar Juma'a. Makaho mai ilimi yana samun girma: Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, kuma har yau ana rera baitocinsa, Jami'ar Ahmadu Bello ma ta karrama shi da digirin girmamawa. Sai dai tsarin da ya ba mai nakasa wurin zama shi ne kuma ya yanka masa iyaka. Wurinsa ƙofar masallaci ne, bakin kasuwa ne, hannunsa a ƙasa, na mai bayarwa a sama. Yaron da shan inna ya kama yana da shekara 3, kafin ya kai 10 an riga an zaɓa masa sana'a, alhali babu wanda ya tambaye shi ko yana son lissafi.

A ganina a nan tushen matsalar yake. Tausayi ya tsaya mana a matsayin adalci. Mutumin da zai miƙa wa gurgu Naira 100 da zuciya ɗaya, shi ne zai ƙi ɗaukar sa aiki a shagonsa, shi ne zai ƙi ba shi 'yarsa. Mai Keke Napep zai ga mai keken guragu a bakin titi ya kau da kai, don ɗora keken zai ci masa lokaci da wurin fasinja. A asibiti ko banki, makaho na tsaye amma ɗan jagoransa ake tambaya, "Me yake so?" Mai farfaɗiya ya faɗi, jama'a su watse saboda camfin cewa yawunsa na yaɗa ciwon, alhali farfaɗiya matsalar ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukar ta daga kowa. Yara su bi zabiya da waƙar tsokana, manya na zaune suna murmushi. Har cikin karin maganarmu abin ya samu gindin zama: ana cewa gurgu ya fi mai ƙafa ban haushi, a yi dariya, a wuce. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai kai mutum kotu, amma su ne abin da mai nakasa ke haɗiya tun daga safe har dare.

To me ya tayar da fafutukar? Dalili na farko ciwo ne da kansa. Shan inna ya bar wa Arewa dubban matasa da suka rasa ƙafa amma hankalinsu da hannuwansu garau. Bayan dakatar da rigakafi a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa, kuma waɗanda suka fi tasiri wajen lallashin iyaye daga baya su ne waɗanda ta riga ta taɓa. Aminu Ahmad Tudun Wada da ƙungiyarsa ta waɗanda shan inna ya shafa a Kano suna ƙera kekunan guragu da hannunsu, suna kuma shiga unguwanni suna cewa a dube su a yi wa yara rigakafi. A Jos, Ayuba Gufwan ya yi shekaru yana ƙera irin waɗannan kekuna yana rabawa, musamman ga yara masu zuwa makaranta. Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988. Lokacin da aka ayyana Nijeriya da Afirka sun rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, waɗannan mutane na da kaso a nasarar. Wanda ya taɓa tsayawa gaban hakimi da likita yana wayar da kan jama'a, da wuya ya koma ya yarda cewa bara ce kaɗai rabonsa.

Na biyu ilimi. Makarantar makafi ta Gindiri ta buɗe tun 1953. Daga baya aka samu ta Tudun Maliki a Kano, da cibiyar ilimi na musamman da ke Yalwa a nan Bauchi, da sassan koyar da wannan fanni a Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero. Waɗanda suka fito daga nan ba su da yawa in aka kwatanta da masu buƙata, amma su ne suka zama lauyoyi da malamai da ma'aikata, su ne kuma ƙashin bayan haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, JONAPWD, wadda ke da reshe a jihohi. Wayar hannu ta ƙara musu ƙarfi. Makaho yanzu yana da manhajar da ke karanta masa saƙo, kurma yana hira ta bidiyo da maganar hannu, kuma abin da aka yi wa mutum a tasha da safe yana iya kaiwa Facebook kafin azahar.

Dalili na uku ba a cika faɗar sa ba: sadaka ta fara ƙafewa. Tsadar rayuwa ta rage abin da ke hannun mai bayarwa, gwamnatoci kuma suka shiga hana bara. Kano ta yi haka a 2013, ta sake a 2020. Wanda aka kora daga titi ba a ba shi madadi ba, dole ya tambayi inda nasa rabon yake a cikin kasafin kuɗi. Hana bara ba tare da makaranta da jari ba zalunci ne, ban ga wata hanyar faɗar sa ba. Amma ya tilasta wa mutane da yawa yin tambayar da ba su saba yi ba.

Abin da fafutukar ta samo a takarda ba kaɗan ba ne. Jihar Bauchi na cikin na farko-farko, domin tun 2010, zamanin Gwamna Isa Yuguda, ta yi dokar masu nakasa da hukumar kula da su. A shekarar ce kuma Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu. Dokar tarayya ta sha wuya: majalisa ta zartar da ita a 2011 da 2015, Shugaba Jonathan bai sa hannu ba, sai a watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa. Ta haramta nuna wariya, ta sa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, Naira miliyan 1 ga kamfani. Ta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta hana amfani da mai nakasa wajen bara. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. A 2020 aka kafa hukumar masu nakasa ta ƙasa, James Lalu ya fara riƙe ta, a 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan, mai ƙera kekunan nan na Jos. A fagen zaɓe, matsin lambar 'yar fafutuka Grace Jerry da abokan aikinta ya sa aka fara amfani da jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi a zaɓen gwamnan Osun na 2018, Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta tanadi kayan taimako a rumfuna. Hukumar JAMB tun 2017 tana shirya wa makafi jarrabawa ta hanyar da ta dace da su.

Wa'adin shekara 5 ɗin nan ya cika a Janairun 2024. A nan ne unguwa irin Miri ke da wata dama da tsohon gari ba shi da ita. Gyara ginin da aka yi shekara 40 da suka wuce a Wunti ko kusa da fada aiki ne mai tsada, wani lokaci sai an fasa. Ginin da ke matakin harsashi kuwa, abin da ake buƙata 'yan buhunan siminti ne da sanin ma'auni. Ƙa'idar da aka saba da ita a duniya ita ce duk tashin inci 1 a ba shi tsawon inci 12 na gangare, ƙofa kuma ta kai faɗin kusan ƙafa 3 don keke ya wuce. Yawancin gangaren da ake liƙa wa gine-ginenmu don a ce an yi, tsayuwarsu ta yi yawa, mai keke ba ya iya hawa shi kaɗai, saukowa kuma kasada ce. Dokar 2019 ta ce kada a amince da zanen ginin jama'a da bai tanadi wannan ba, har ta sa hukunci a kan jami'in da ya amince. Amma gini nawa ne a bayan gari ke bi ta teburin jami'i? Hukuncin gaskiya yana hannun magini da kwamitin masallaci da mai makaranta. In ƙungiyoyin masu nakasa na Bauchi za su zauna da ƙungiyar magina da limamai da masu unguwanni na wannan yanki, abin da za su samu cikin shekara ɗaya zai fi na taruka goma a otal. Kuma gangaren ba na gurgu kaɗai ba ne. Tsoho mai ciwon gwiwa da mace mai tsohon ciki da wanda ya karye a haɗarin babur duk ta nan za su bi.

Limamai kuwa suna da hujja a hannu wadda ta fi kowace doka shiga zuciyar mutanenmu. Surar Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zama ladanin Manzon Allah (SAW), aka kuma riƙa barin sa ya ja ragamar salla a Madina idan an fita yaƙi. Amana aka ba shi da muƙami. Ina mamakin yadda huɗuba kan falalar sadaka ta yi yawa, huɗuba kan ɗaukar makaho aiki ko aurar wa gurgu ta yi ƙaranci.

Sai kuma a faɗi inda fafutukar ta gaza, domin ɓoye shi cutar da ita ne. Da yawa daga cikinta da Turanci ake yi, a Abuja ake yi, da kuɗin masu ba da tallafi daga waje, kuma in tallafin ya tsaya aikin ya tsaya. 'Yan siyasa sun gano hanya mai sauƙi: a naɗa mutum ɗaya mai ba da shawara, a raba kekuna da buhunan shinkafa gaban kyamara, a bar maganar kashi 5 cikin 100 a aljihun tebur. Ko adadin mutanen ba a daidaita a kai ba. Ƙidayar 2006 ta ce kimanin miliyan 3 ne, wani rahoton Bankin Duniya kuwa ya kawo kusan miliyan 29 a 2018. Gwamnatin da ba ta san yawan mutanenta ba, da wane ma'auni za ta ware musu kuɗi?

A cikin masu nakasar ma akwai na gaba akwai na baya. Namiji gurgu mai digiri yana samun makirufo. Yarinya kurma a ƙauye ba ta samu, kuma in an ci zarafinta babu tafintan maganar hannu a ofishin 'yan sanda ko ɗakin haihuwa da zai isar da zancenta. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu cikakke, wanda masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazari a kansa a Kano, amma ma'aikatan lafiya ƙalilan ne suka san ko gaisuwa da shi. Mai taɓin hankali kuwa har yanzu mari ne da ɗaki a kulle.

Waɗanda suka fi kowa zama a baya su ne masu kuturta. Mutanen Bauchi sun san Bayara da jinyar wannan ciwo tun da daɗewa, kamar yadda Kanawa suka san Yadakunya, Katsinawa Babbar Ruga, Sakkwatawa Amanawa. Kuturta tana warkewa. Magani ne na wata 6 ko wata 12, kyauta ake ba da shi, kuma wanda ya fara sha ya daina yaɗa ta. Kusan kashi 95 cikin 100 na mutane jikinsu ba ya ma kamuwa ko sun yi cuɗanya da mai ita. Duk da haka ana ware wa wanda ya warke kofinsa da kwanonsa, ana gudun auren 'ya'yansa. Illar wannan ƙyama a jiki take bayyana: mutum ya ga tabo a fatarsa wanda ba ya jin taɓi, ya rufe da riga don tsoron sunan da za a sa masa, har ciwon ya cinye jijiya. Nijeriya na samun sababbin masu ɗauke da ita fiye da 1,000 kowace shekara. Daga farkon 2024 maganin ya yanke a ƙasar nan saboda tsaikon takardu da sharuɗɗan gwaji kafin shigo da shi, bai iso ba sai a watan Maris na 2025. Kusan shekara guda marasa lafiya, har da yara, suna zuwa asibiti ana mayar da su gida, kuma hayaniyar da aka yi a kai ba ta kai ta ƙarancin man fetur na mako ɗaya ba. Jijiyar da ta mutu a wannan tsakanin, maganin da ya iso daga baya ba ya dawo da ita.