Kwale-kwalen Da Ba Ya Shiga Ruwa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin motsa jiki na wani babban otal a Legas, ko Abuja, ko Kano, wataƙila ya ga wani dogon ƙarfe kwance can gefe guda, da 'yar kujera a kansa mai zamewa gaba da baya, da fanka a goshinsa. Sau da yawa za ka tarar mutane sun yi layi suna jiran injin gudu, shi kuwa ba mai ko kallonsa. In ma wani ya yi ƙarfin hali ya hau, sai ya fizgi sandar da hannu kamar mai ja da taurin kan jaki, bayan minti biyu ya sauka yana dafe da ƙugu. Wannan shi ne injin tuƙin kwale-kwale, kuma Turawa sun shafe shekara fiye da ɗari suna fama da ƙirarsa kafin ya zama yadda yake yanzu.

Kafin mu je ga injin, ya kamata mai karatu ya san irin tuƙin da yake kwaikwaya, gama ba irin namu ba ne. Basarke a Yawuri ko Argungu yana fuskantar inda za shi, filafilinsa a hannu, aikin duk na kafaɗa ne da ƙugu. Su kuwa 'yan tseren Turai baya suke juya wa inda suka nufa. Dogon filafilinsu a maƙale yake a gefen jirgi, kujerar kuma tana da 'yan ƙananan tayoyi. Matuƙi zai dunƙule ya matso gaba, ya tsoma filafili, sa'an nan ya tokare da ƙafafunsa ya miƙe. Ƙafa ita ke ɗaukar mafi yawan aikin, gadon baya ya karɓa, hannu ya ƙarasa. Wajen 1870 aka fara amfani da kujera mai zamewa, kuma a 1873 aka shigar da ita cikin tseren jami'o'in Oxford da Cambridge na Ingila, wanda aka soma tun 1829.

To, a can ƙasashen sanyi kogi yakan daskare ya zama ƙanƙara wata da watanni, jirgi ba ya shiga. Dole a sami abin da 'yan wasa za su riƙa ja a ɗaka. Yin kujera da wurin tokare ƙafa ba wuya, kowane kafinta ya iya. Wuyar ita ce, me za a sa a madadin ruwa?

Ruwa yana da wani hali wanda masunta suka sani tun kaka da kakanni, ko da ba su yi masa lissafi ba. In ka sa hannu a hankali sai ya ba ka hanya, in ka mare shi sai ya rama. Masana sun auna sun ce idan gudun jirgi ya ninka biyu, turjiyar ruwa takan ninka kusan huɗu, ƙarfin da matuƙi zai kashe kuwa ya ninka kusan takwas. Watau ruwa ba ya ɗora wa mutum kaya, mutum ne ke ɗora wa kansa gwargwadon yadda ya ja. Bugu da ƙari, in an cire filafili daga ruwa jirgi ba ya tsayawa cik, yakan ci gaba da sulalawa yana rage gudu sannu a hankali. Injin da bai kama waɗannan halaye biyu ba, ko yaya kyansa, bai kwaikwayi tuƙi ba.

Mai aka fara gwadawa. A 1872 wani Ba'amurke, W. B. Curtis, ya sami takardar mallakar ƙirar wani injin tuƙi. Daga wajen 1900 har zuwa wajen 1960 kuwa, injin Narragansett da ake ƙerawa a Jihar Rhode Island shi ne ya cika ɗakunan horo na jami'o'in Amurka. Filafilin katako ne ke tura mai a cikin tukunyar ƙarfe. Abin ya sami karɓuwa ƙwarai, har babban jirgin ruwan nan Titanic da ya nutse a 1912 yana da injin tuƙi a ɗakin motsa jikinsa.

Jikokin wannan ƙira su ne suka mamaye gidajen Amurka da Turai tsakanin 1980 da 1990. Ƙananan injuna ne masu hannu biyu, kowane hannu da fistin ɗinsa mai kama da shokazobar mota. A nan ne 'yan kasuwa suka shigo da dabarar inji ɗaya aiki goma. Kamfanin Diversified Products na garin Opelika a Jihar Alabama, wanda Fob James ya kafa kafin ya zama gwamnan jihar, ya fitar da samfurin Bodytone. A kwance injin tuƙi ne. In ka tayar da shi tsaye ka sauya wa kujerar wuri, hannuwan nan biyu sun zama abin turawa sama, ko ja ƙasa, ko motsa ƙirji. Ga sauƙin kuɗi, ga shi ba ya cin wuri. A takardar talla babu abin da ya fi shi.

Amma fa mai yana da nasa halin, kuma ba halin ruwan kogi ba ne. Da ka daina ja, komai ya tsaya, babu sulalawa. In aka yi 'yan mintoci ana aiki sai man ya yi zafi ya tsinke, abin da ya yi maka nauyi da farko ya koma sakayau, ka ɗauka ƙarfi ka ƙara. Domin injin ya iya tsayawa tsaye dole a gajarta dogon ƙarfen, dogon mutum kuwa ba zai miƙe ƙafa sosai ba. Kowane sabon aiki da aka ƙara masa yana bukatar wata gaɓa da wani ƙusa, kowace gaɓa kuma wurin sassautawa ce da ƙara. Irin waɗannan injuna, na kamfanoni barkatai, har yanzu suna shigowa ƙasar nan cikin kayan gwanjo. Wani kawuna, da likita ya ce masa jininsa ya hau lalle ya riƙa motsa jiki, ya sayi ɗaya a wani shago a Legas bayan mai shagon ya lissafa masa ayyuka goma sha biyu da yake yi. Ba a yi wata uku ba fistin hagu ya fara yoyo, hannu ɗaya nauyi ɗaya sakayau, aka zaga gari ba a sami irinsa ba. Aiki na goma sha uku shi ya dawwama a kai: nan ake rataye babbar riga.

Ƙwararrun 'yan tsere ba su taɓa amincewa da waɗannan ba. Su birki suka koma wa. Injin Gjessing na ƙasar Norway, wanda ya yi tashe daga wajen 1970 zuwa 1980 da 'yan kai, yana da wili mai nauyi da aka naɗa wa bel, aka rataya masa nauyi. Ya iya awo daidai gwargwado, amma yana da tsada, sai manyan ƙungiyoyi.

Maganin ya fito ne daga wata tsohuwar gonar shanu a garin Morrisville na Jihar Vermont. Wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, Dick da Peter Dreissigacker, dukansu injiniyoyi kuma matuƙa, sun tare a can a 1976 suna ƙera filafili da zaren kabon maimakon katako. Shi Dick ya wakilci Amurka a wasannin Olamfik na Munich a 1972. Kamfaninsu shi ne Concept2. Da sanyi ya hana su shiga ruwa, sai suka ɗauki keke suka kifar da shi, suka riƙa jan sarƙarsa. A 1981 suka fitar da injinsu na farko: ƙafar keke sosai, an ɗaure mata 'yan faifan roba domin su kama iska, da sarƙa, da sandar katako, da agogon awon tafiya irin na keke.

Abin dariya ne a ido, amma ya kama halayen nan biyu. Iska, kamar ruwa, tana ƙara turjiya gwargwadon saurin da aka keta ta. Yaro ya ja a hankali ya ji sauƙi, ƙato ya ja da ƙarfi ya ji nauyi, ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Haƙoran baya na keke kuma, waɗanda ke barin taya ta ci gaba da juyawa in mahayi ya daina taka feda, su suka kawo sulalawar jirgi: mai tuƙi na komawa gaba, wilin na ta juyawa yana rage gudu. Wata igiyar roba a ciki ita ke mayar da sarƙar. Iska ba ta yoyo, ba ta tsinkewa, ba a kuma sayenta.

A 1982 wasu tsofaffin 'yan wasan Amurka, cikinsu har da waɗanda ƙauracewar ƙasarsu ta hana zuwa Olamfik na Masko a 1980, suka shirya gasa a kan wannan inji a Boston, don dai su rage zaman kashe wando na lokacin sanyi. Wasa-wasa abin ya zama gasar shekara-shekara.

A ganina, babbar gwanintar ba a fankar take ba, tana cikin ɗan allon lissafin da aka sa wa samfurin 1986, lokacin da aka rufe fankar cikin keji. Matsalar ita ce iska ba ɗaya ba ce ko'ina. Ta Jos, da ke bisa tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye, ta fi ta Legas sakayau. Ƙura ma in ta toshe kejin takan rage iskar da ke shiga. Yaya za a gwada ƙarfin mutum biyu a kan injuna biyu? Dabarar da suka yi ita ce, tun da an san nauyin wilin, a duk lokacin da mai tuƙi ya saki ja yana komawa gaba, allon yana auna yadda wilin ke rage gudu. Daga nan ya san iyakar turjiyar iskar wurin a wannan daƙiƙa, ya yi amfani da ita ya lissafa aikin da aka yi a ja na gaba. Watau injin yana gyara ma'auninsa da kansa a kowane ja. Saboda haka mita 2,000 a Jos daidai take da mita 2,000 a Landan. Da Josh Dunkley-Smith na Ostareliya ya yi wannan nisa cikin minti 5 da daƙiƙa 35.8 a 2018, wanda ya zama bajintar duniya a lokacin, duk mai irin injin yana iya zama ya ga tazarar da ke tsakaninsu. Ni na gwada. Ba zan faɗi nawa na yi ba.

Akwai wata 'yar ƙofa a gefen kejin mai lamba 1 zuwa 10, kuma a nan mutanenmu suka fi yin kuskure. Kowa ya zo sai ya kai ta 10, wai shi namiji. Ƙofar iska kawai take ƙarawa ko ragewa, kamar giyar keke: 10 tamkar tuƙa jirgin dakon itace ne, 3 ko 4 kuwa siririn jirgin tsere. Kamfanin da kansa tsakanin 3 da 5 yake ba da shawara. Mai kai ta 10 yana ja da lanƙwasasshen baya, ƙugunsa ne zai biya.

Abin mamaki, injin da aka ƙera don aiki ɗaya tak shi ne ya ƙare da yin ayyuka da yawa. Tun da ja ɗaya yana motsa ƙafa da baya da ciki da hannu, kuma a zaune ake yi gwiwa ba ta shan duka kamar a gudu, sai masu wasanni iri-iri da tsofaffi da masu rage ƙiba suka rungume shi. Hukumar tsaron jama'a ta Jihar Texas tana gwada lafiyar jami'anta da shi. Maimakon kuma a cika shi da gaɓoɓi, kamfanin ya ɗauki fankar da allon ya gina wasu injuna dabam a kansu: SkiErg a 2009, wanda ake jan igiya biyu daga sama, da keken BikeErg a 2017. A 2018 hukumar tuƙi ta duniya ta gudanar da gasarta ta farko ta tuƙin cikin ɗaki a Alexandria ta Jihar Virginia.

Wasu sun bi ta wata hanya. John Duke ya fito da WaterRower a 1988, mai jikin katako da filafili yana juyawa cikin tankin ruwa na gaske. Ƙararsa ta fi daɗin ji a cikin gida. Akwai kuma masu maganaɗisu, waɗanda kusan ba su da ƙara ko kaɗan, amma yawancinsu sai an murɗa musu nauyi da hannu, ba sa amsa ja yadda iska ke yi.

A 2012 Hamadou Djibo Issaka na Jamhuriyar Nijar ya shiga tseren mutum ɗaya a Olamfik na Landan, wata uku kacal da fara koyo. Ya zo na ƙarshe, 'yan kallo suka yi ta yi masa tafi. A 2016 Chierika Ukogu ta zama ta farko da ta wakilci Nijeriya a wannan wasa a Olamfik na Rio. Jirgin tsere yana da tsada ainun, kuma in ya tsage gyaransa sai gwani. Amma dogayen samari masu ƙarfin ƙafa da numfashi ba su yi mana ƙaranci ba daga Yawuri har Baga, injin nan kuwa cikin minti bakwai zai nuna wanda ya cancanci a kashe wa kuɗi. Ba ya bukatar wutar lantarki. Allon batir biyu yake ci, kuma in ana ja, juyawar wilin na taimaka masa. Tsawonsa mita biyu da rabi ba kaɗan, nauyinsa kilo 26, yana rabuwa biyu a sa a bayan mota.

Na kan yi tunanin masu walda na Panteka a Kaduna, waɗanda suka daɗe suna ƙera benci da ƙarafan ɗagawa. Kayan injin 1981 babu wanda ba a samu a shagon mai gyaran keke. Inda za su sha wuya biyu ne: dogon ƙarfen dole ya miƙe sak ya yi santsi, in ba haka ba kujera za ta riƙa tuntuɓe boris ya mutu, sa'an nan allon lissafin. Ko ba allo, wanda likita ya umarta da minti talatin a rana agogon hannunsa ya ishe shi. Sai dai a rufe fankar da raga saboda yatsun yara, a riƙa ɗiga wa sarƙar mai, in hunturu ya shigo kuma a buɗe kejin a kakkaɓe ƙura.