Shin Kano Tana Bukatar Jirgin Ƙasa na Kewaye?

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, amma aikinsa shi ne haɗa birnin da garuruwa masu nisa. Jirgin kewaye kuwa daban yake. Layinsa yakan zagaye birni kamar zobe, ya haɗa unguwannin bayan gari da juna.

Manyan titunan Kano sun taso ne daga tsakiyar birni, suka nufi Katsina da Zariya da Haɗeja da Gwarzo da Maiduguri. Amma yanzu wuraren neman abinci da yawa suna gefen gari, kamar kasuwar hatsi ta Dawanau da masana'antun Challawa da kasuwar goro ta Mariri. Ma'aikacin da zai tashi daga wannan gefe zuwa wancan yakan daɗe cikin cunkoson motoci.

Birnin Mosko na ƙasar Rasha ya buɗe wa fasinjoji irin wannan layi a 2016, tsawonsa kilomita 54. Sai dai shimfiɗa layin dogo yana cin kuɗi ƙwarai, kuma ba ya riƙe kansa sai fasinjoji sun yi yawa. Saboda haka, abin da ya fi gaggawa shi ne hukuma ta keɓe filin da layin zai bi, tun kafin gine-gine su cinye shi.