Rumfar maginiyar tukwane a baje kolin Yamai

Tun shekarar 2000 ake buɗe baje kolin SAFEM a Yamai, inda mata masu sana'ar hannu ke kasa hajarsu. Maginiyar da ta taso daga Mirya, gabas da Damagaram, tafiyar wajen kilomita 900 ke gabanta.

Kafin ta saida ko kasko guda, ta riga ta biya kuɗin mota da na rumfa, wani lokaci da kuɗin adashe. Tana naɗe tukwanenta cikin ciyawa, amma ramukan hanya sai sun ci rabonsu.

A rumfa, manyan tuluna na baya, kaskon turaren wuta na gaba, domin shi baƙo ke iya ɗauka. Ranar rufewa kuwa, sai ta karya farashi, don kada ta sake biya wa tulu kuɗin mota.