Tsohon Gidan Reza da Masu Komawa Gare Shi

Rezar nan mai baki biyu da ake sayarwa a teburin mai kayan masarufi, wadda yaro ke feƙe fensir da ita, dattijo ya yanke farce, tela ya farke ɗinki, ba don ko ɗaya daga cikin waɗannan aka ƙera ta ba. Duk wanda ya ɗaga ta ya dubi tsakiyarta zai ga doguwar tsaga mai lunguna. Mazauni ne. An yi rezar don a kwantar da ita cikin wani ɗan gida na ƙarfe mai mariƙi, a ɗaure, bakinta kaɗai ya leƙo, a yi aski. Mu nan rezar ta shiga kowane gida, gidan nata kuwa ba kowa ya san shi ba, don muna da wanzami da askarsa da zabirarsa, daga baya kuma kilifa ta karɓe shagunan aski. A Amurka da Turai wannan ɗan ƙarfen ya yi kusan shekara 70 yana mulkin fuskokin maza, sannan ya ɓace daga kantuna. Yau ga shi wasu suna bin kasuwannin gwanjo da intanet suna nemansa ido rufe, su wanke shi, su koma aski da ruwa da sabulu da buroshi irin na kakanninsu.

Labarin ya faro ne daga wani ɗan tallan kaya mai suna King Camp Gillette. Ubangidansa, William Painter, shi ya ƙirƙiro murfin kwalba mai haƙora da muke ɓallewa a kan lemo, kuma shi ya ba Gillette shawarar ya nemo abin da mutum zai yi amfani da shi ya jefar, gobe ya dawo ya sake saya. Ba Gillette ya fara yi wa aska kariya ba. Tun 1880 wasu 'yan'uwa, su Kampfe, suka yi rajistar nasu gidan a New York, sai dai abin da ke ciki guntun aska ne mai kauri, dole a riƙa wasa shi a jikin fata. Abin da Gillette ya so shi ne ƙarfe siriri, mai arhar da in ya dakushe ba wanda zai ji ciwon yar da shi. Masana ƙarfe suka ce masa abin da kamar wuya. Sai da ya haɗu da wani injiniya, William Nickerson, wanda ya ƙera injinan da za su taurara siririn ƙarfen su ba shi kaifi, sannan kamfani ya tsaya a Boston a 1901. A 1903 gidan reza 51 kacal suka sayar, da reza 168. Shekara na zagayowa gidajen suka haura 90,000.

Wani abin ban dariya, wannan mutumin da ya koya wa duniya saye da jefarwa ya taɓa rubuta littafi a 1894, The Human Drift, yana kira da a soke gasar kasuwanci gaba ɗaya, mutanen Amurka su tattaru a ƙaton birni guda kusa da magangarar ruwan Niagara. Ba wanda ya bi shi birnin. Rezar kuwa kowa ya saya.

Ana yawan cewa dabararsa ita ce sayar da gidan da araha don a ci riba a reza. A farko ba haka aka yi ba. Dala biyar ake sayar da gidan, kuɗin aikin kwana biyu ko uku na ma'aikaci a lokacin. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kai shi hannun talaka. Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, ya zama dole soja ya aske fuska ƙwal, domin takunkumin kare iskar guba ba ya kama fuskar mai gemu. Kamfanin ya ba rundunar gidaje wajen miliyan uku da rabi da reza fiye da miliyan 30. Samari suka dawo gida sun saba aske kansu da kansu kowace safiya, zuwa wurin mai aski ya zama na gyaran suma.

A 1921 wa'adin mallakar fasahar ya ƙare, kuma a ganina nan ne gaɓar da ta fi kowace muhimmanci a labarin. Kowa ya samu damar buga reza. Aka yi ta rigima a kan siffar tsagar tsakiya, kowane kamfani na son tasa ta shiga gidan abokin hamayya, ta abokin hamayya kuma ta ƙi shiga nasa, har rikicin Gillette da kamfanin AutoStrop na Henry Gaisman ya ƙare da haɗewarsu a 1930. Lungunan da muke gani a tsagar yau tabon wancan zamanin ne. Daga nan siffar ta zauna, ta zama ta kowa. Shi ya sa rezar Feather ta Japan, da Derby ta Turkiyya, da Lord ta Masar, da Treet ta Pakistan, duk za su kwanta daram a gidan da aka ƙera a Boston shekara sittin ko saba'in da suka wuce.

Gidajen da masu sha'awa suka fi bi su ne na Gillette na tsakanin 1939 da farkon shekarun 1960. Akwai Tech, mai sassa uku: mariƙi, faranti, da murfi, ba abin da zai lalace a jikinsa. Akwai Super Speed na 1947, wanda in ka murza gindin mariƙin sai kansa ya buɗe kamar ƙofofi biyu, ka ajiye reza, ka murza ya rufe. Sai wanda ake yi wa laƙabi da Fatboy, na 1958, da aka sayar dala 1.95, mai zobe a wuya da lambobi daga 1 zuwa 9. Zoben yana ƙara ko rage tazarar da ke tsakanin bakin reza da sandar kariya: ƙaramar lamba aski mai taushi, babba kuma ta mai gashi mai kauri ce da hannun da ya ƙware. In ka kifa da yawa daga cikin irin waɗannan za ka ga harafi da lamba a ƙarƙashin kan. Harafin shekara ce, lambar kuma zangon wata uku-uku. D da 2, alal misali, na nufin an ƙera shi tsakanin Afrilu da Yuni na 1958. Akan samu mai neman wanda ya dace da shekarar haihuwarsa ko ta mahaifinsa. Yawancinsu da tagulla aka yi su, aka yi musu rufin nikel, shi ya sa ko rufin ya goge jikin ba ya ruɓewa, saɓanin gidaje masu arha na yanzu da ake zubawa da haɗin tutiya, waɗanda in suka faɗi a siminti wuyansu kan karye.

Rezar da ake sa musu a da tana tsatsa, dole a cire a tsane bayan kowane aski. Sai a 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da wadda ba ta tsatsa, mai rufi mai santsi a baki, tana yin aski da yawa kafin ta mutu. Mai saye ya ji daɗi, masu sayarwa kuwa suka ga ciniki zai ragu, ga shi kowa na iya buga irinta. A 1971 Gillette ya fito da Trac II, reza biyu a manne cikin kan roba da ba ya shiga mariƙin kowa sai nasa. Bic ya kawo na roba zalla, a yi aski a yar, a 1975. Mach3 mai reza uku ya zo a 1998 bayan an kashe dala miliyan 750 wajen haɗa shi, Fusion mai biyar ya biyo a 2006. Ba zan ce waɗannan ba su da amfani ba: suna da sauri, da wuya su yanke ka, ko da barci a idonka za ka yi aski. Amma cinikin ya koma kamar a ba ka fitila da araha, a ce batirinta sai a shago ɗaya.

Masu komawa tsohon gida suna faɗin dalilai iri-iri, kuɗi da rage sharar roba da son kayan da. Dalilin da ya fi shafar mu shi ne fata. Gashin baƙar fata a nannaɗe yake fitowa. Kan da ke da reza uku ko biyar an tsara shi ne ta farko ta ɗan janyo gashin, na baya su yanke, sai guntun ya koma ya nutse ƙasa da fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan sulɓi ne. Ga mai nannaɗaɗɗe kuwa, guntun mai tsini in ya tashi fitowa sai ya lanƙwashe ya soki fata daga ciki, ko ya fito ya juyo ya sake shiga. Ƙurajen aski ke nan da ake gani a ƙasan haɓa da ƙeya, masu ƙaiƙayi, masu barin baƙin tabo, wani lokaci har su yi tudu. Matsalar ta kai rundunar sojan Amurka ta yi shekaru tana ba wasu sojoji, galibinsu baƙaƙe, takardar likita ta sassauta musu aski. Shawarar da likitocin fata suka saba bayarwa ita ce baki ɗaya, a bi kwanciyar gashi, kada a ja fata, kada a nemi ƙwal. Wanda ƙurajen suka riga suka yi wa yawa, gara ya huta da reza, ya bar gashin ya fito ko ya rage da kilifa. Da yawa cikin mazanmu suna ajiye gemu, amma ko mai gemu yana aske kai da ƙeya, ga kuma askin tsafta, don haka zancen bai wuce kowa ba.

Aikin kansa daga ruwa yake farawa. Busasshen gashi yana da tauri sosai, amma in ya sha ruwan ɗumi minti biyu ko uku sai ya kumbura ya yi laushi, shi ya sa askin bayan wanka ya fi daɗi. Sai a jiƙa buroshi, a yarfe, a murza a kan sabulun aski har bakinsa ya ɗauka, a kai fuska ana zagayawa ana ƙara ruwa ɗigo-ɗigo. Kumfar da ake nema ba mai manyan ƙwayoyi ba ce, mai kauri ce mai sheƙi, wadda in ka shafa tsakanin yatsu biyu za ka ji santsi. A nan mai saye ya buɗe ido: burosan gargajiya da yawa da gashin alade ake yin su, wasu da na wata dabbar daji dangin dage, wasu da na doki. Na roba na zamani suna aiki ƙwarai, sun fi saurin bushewa, kuma sun raba Musulmi da wasiwasi.

Sannan a ɗauki gidan. Kansa ba ya lanƙwasa ya bi fuska kamar na zamani, hannunka ne zai nemo kwanar. Ka ɗora bayan murfin a kunci, mariƙin ya miƙe waje, ka riƙa sauke shi a hankali har ka ji bakin ya fara kama gashi da wani ɗan sauti, ƙarar-ƙarar. Wajen digiri 30 ke nan. Kada a danna. Wannan ne ke kayar da sababbin shiga, don na roba ba shi da nauyi, ya koya wa hannu dannawa, wannan kuwa nauyin tagullarsa ya isa. A riƙa ja gajere-gajere, a juya ɗaya bakin in wannan ya cika, a ɗauraye. Kafin a fara ma ya kamata mutum ya shafa fuskarsa ya san inda gashin ya kwanta, domin a wuya sau da yawa gefe yake bi ko sama, ba ƙasa ba. Zagaye na farko ragewa ne. Mai son ƙari sai ya sake shafa kumfa ya bi ta gicciye. Ba a ɗora reza a inda babu kumfa. In an gama a wanke da ruwan sanyi, a goga jiƙaƙƙen alimun, wannan farin dutsen da ake sa wa ruwa ya kwanta. Yana tsayar da ɗan jini, kuma duk inda ya yi maka raɗaɗi to nan ka danna. Makon farko da na biyu sai an yi haƙuri da 'yan yanka, musamman a haɓa da ƙasan hanci.

Wanda ya samu tsohon gida, a akwatin mahaifi ko a gwanjo, ya fara duba ko sandar kariyar ta lanƙwashe, ko ƙofofin suna rufuwa daidai, ko reza na leƙowa daidai wa daida ta kowane ɓangare. In ɓangare ɗaya ya fi fitowa, a bar shi. Wanki kuwa ruwan zafi ne da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, sannan a jiƙa shi a sifirit. Kada a sa masa bilic, yana cin rufin. Reza dole sabuwa, kuma ta mutum ɗaya. Ciwon hanta nau'in B yana iya yin kwanaki a busasshen jinin da ido ba ya gani, don haka aron reza ko tsakanin wa da ƙane ba zumunci ba ne.

Batun tsimi kuwa, gaskiya ne reza ɗaya takan yi aski uku zuwa biyar kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sai dai masu wannan sha'awa su ne na farko wajen yi wa kansu dariya: mutum ya shigo don ya rage kashe kuɗi, bayan shekara a tarar da shi da gidaje goma da sabulai cike da kanta, yana ciniki a kan wani Fatboy da ya ninka kuɗinsa na asali sau da yawa. Gida ɗaya mai kyau ya ishi mutum har tsufansa, ya bar wa ɗansa. Matafiyi dai ya sani ba a barin wannan rezar a jakar hannu a jirgin sama, sai a cikin babban kaya.

Saura inda za a kai wadda ta mutu. A gidajen Amurka na tsakiyar ƙarnin da ya wuce akan yi wata 'yar tsaga a bayan akwatin madubin banɗaki, a riƙa zura tsohuwar reza tana faɗawa cikin ramin bango, har yau masu gyaran tsofaffin gidaje sukan fasa bango su tarar da tarinsu sun yi tsatsa. A wurinmu, inda yara ke wasa a bola, almajirai da masu jari-bola ke tona shara da hannu, jefa reza tsirara ganganci ne. A samu gwangwanin madara da aka huda aka tsiyaye, a tsaga masa baki daidai faɗin reza, a riƙa zurawa. Zai yi shekaru bai cika ba, in ya cika a bubbuge bakin a rufe, a haɗa shi da kayan ƙarfe.