The Game Awards: Oscar Ɗin Masu Gem Ne Ko Kasuwar Talla?

Na san wani zai ga kanun nan ya ce, to mu da muka zo karanta labarin fim da waƙa, me ya haɗa mu da gem kuma? Ku yi min uzuri kaɗan. Ni ma da haka nake kallon abin, wasan yara ne kawai da buga ƙwallo a gidan gem, sai da ƙanina ya tilasta ni muka raba dare muna kallon wani biki da ake kira The Game Awards. A Amurka ake yin sa da yamma, wanda a agogonmu yake kamawa wajen ƙarfe biyun dare. Wallahi abin da na gani ya fi kusa da duniyar fim fiye da yadda na zata.

Wani ɗan jarida ɗan ƙasar Kanada mai suna Geoff Keighley ne ya kafa bikin a 2014, bayan ya daɗe yana aiki da wani makamancinsa da tashar Spike take shiryawa. Na farko a Las Vegas aka yi, daga 2015 kuma aka koma Los Angeles, a zauren da yanzu ake kira Peacock Theater. A watan Disamba ake yin sa duk shekara, kuma kyauta ake haska shi a YouTube da Twitch da sauran kafofi. Masu shirya shi sun ce a 2024 an buɗe shi kai tsaye sau miliyan 154.

To wa yake zaɓen gwanaye? Kafafen yaɗa labarai sama da 100 daga ƙasashe daban-daban su ne alƙalai. Su suke fitar da 'yan takara, kuma ƙuri'arsu ce take da kashi 90 cikin 100. Jama'ar gari da suke zaɓe ta intanet kashi 10 kacal gare su. An yi haka ne don kar mai tarin magoya baya ya kwashe komai ko da aikinsa bai kai ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda masoyan jarumai suke yin gangami in an ce a yi zaɓe ta waya ya san dalilin. Amma akwai rukuni guda da aka bar wa jama'a gaba ɗaya.

Babbar kyautar ita ce ta gwarzon wasan shekara. Elden Ring ya ɗauka a 2022, Baldur's Gate 3 a 2023, Astro Bot a 2024. A 2021 kuwa It Takes Two ne ya ci, kuma mai shi, Josef Fares, haifaffen Labanon da ya tashi a Suwidin, daraktan fim ne kafin ya koma gem.

Inda abin ya shafe mu sosai shi ne kyautar gwarzon jarumi. Eh, jarumi a gem. Waɗannan mutanen da kuke gani a allo suna kuka suna faɗa, yawancinsu mutum ne na gaske ya taka su. Ana saka wa jarumi matsattsiyar riga mai ɗigo-ɗigo, a ɗaura masa ƙaramar kyamara tana kallon fuskarsa, ya yi aktin a fili fayau, babu gida babu daji, kwamfuta ta kwashe motsinsa da muryarsa ta ɗora wa halittar da ke cikin wasan. Mads Mikkelsen, wanda ya fito mugu a fim ɗin James Bond na Casino Royale, ya ci wannan kyautar a 2019 da wasan Death Stranding. A 2022 Al Pacino da kansa ya hau dandamali ya miƙa ta ga Christopher Judge, wanda ya taka Kratos a God of War Ragnarök.

Masu son kiɗa ma ba a bar su a baya ba. Akwai kyautar kiɗa mafi kyau, wadda Bear McCreary, mai kiɗan The Walking Dead, ya samu a 2022. Sannan kafin a faɗi gwarzon shekara, babbar ƙungiyar makaɗa ƙarƙashin Lorne Balfe takan haɗa kiɗan duk wasannin da suke takara ta buga a jere. Ni dai nan ne tsigar jikina ta tashi. Tun 2022 kuma aka ƙaro rukunin fim ko shiri mai dogon zango da aka ciro daga gem: Arcane ya fara ci, sai The Last of Us a 2023, sai Fallout a 2024.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Bikin yakan kai awa uku, amma mafi yawan lokacin tallan sababbin wasanni ne, wanda kamfanoni suke biyan kuɗi a nuna musu. Da wannan kuɗin ake shirya taron, kuma gaskiya da yawan masu kallo tallan suke zuwa gani. Shi ya sa kyaututtuka da dama karanto su kawai ake yi da sauri, ko dandamali ba a kiran masu su.

Christopher Judge ya yi kusan minti takwas yana godiya a 2022. Shekarar da ta biyo baya sai aka ƙayyade wa kowa kimanin daƙiƙa 30, da allo a gabansa yana cewa ya taƙaita, ga kiɗa ana sako masa. Har Neil Newbon, gwarzon jarumin shekarar, bai tsira ba. Alhali a daren ne aka ba Hideo Kojima da darakta Jordan Peele mintuna masu yawa suna bayanin wasan da bai ma fito ba. Ƙari a kan haka, a 2023 dubban ma'aikatan masana'antar suka rasa aikinsu, amma ba a ce uffan a kai ba. Mutane suka yi ca, har Keighley ya amsa cewa an yi gaggawar sako kiɗan. A 2024 an ɗan gyara: an ba masu nasara lokaci, kuma aka karrama Amir Satvat, wanda ya duƙufa wajen taimaka wa waɗanda aka sallama su samu wani aikin.

Wannan shi ne abin da ya tsaya min a rai. Wasa guda yakan ci shekaru huɗu ko biyar, da ɗaruruwan mutane a kansa: masu zane, marubuta, masu sauti. Daren karramawa ne kaɗai damar da duniya za ta ga fuskarsu. In aka ce mutum ya yi godiya cikin rabin minti don a saka talla, to wa ake karramawa ke nan? Ba sai na faɗa ba, kun san mu ma a nan jarumi da mawaƙi ake tafa wa, amma mai tace hoto da wanda ya kwana a situdiyo yana haɗa kiɗa ko sunansu ba mu tsayawa karantawa.

Shawarata, in Disamba ta zo ku gwada kallo. Ba sai kun hana idonku barci ba, ana barin sa a YouTube, kuna iya tsallake tallan ku tafi wurin jarumai da makaɗa, data ma ta huta. Ku faɗa min ra'ayinku: alƙalai ya kamata su zaɓi gwani, ko a bar wa masoya?